Sawun Gardila

A Gaya kowa da abin da yake faɗa a kan Cha'ibu Mai Sawu. Mahauta suna cewa ya taɓa bin saniyar da aka sace daga Yelu har bakin tukunyar wani mai biki a Malanbil. 'Yan kamiyo, masu tuƙa manyan motocin kaya, suna cewa in ya dubi ƙasa yana iya gaya maka ko direba ya yi faɗa da matarsa kafin ya taso. Uwargidansa kuwa ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne mutumin yakan wuni bai ce uffan ba in ban da sallama da bisimilla. Amma akwai abu guda da bakin kowa ya haɗu a kai: Cha'ibu ba ya bayanin yadda ya gano abu, ba ya kuma janye maganar da ya yi. In aka gode masa sai ya ce, “Ni ban ce komi ba. Ƙasa ta faɗa.”

Ran wata Juma'a, an sauko daga masallaci ke nan yana neman takalminsa, sai wani ɗan kabu-kabu ya ci birkin babur a gabansa.

“Baba Cha'ibu, hau! Alhaji Rabo na kira! An sace Gardila!”

Gardila mota ce, amma ba irin wadda ake zuwa kasuwa da ita ba. 'Yar ƙarama ce, shuɗiya, mai kujera biyu da fitila huɗu, ga ta a kwance ƙasa kamar kwaɗo ya yi shirin tsalle. Tun zamanin da Turawa ke tseren motoci suna ratsa gadar Gaya aka bar ta a garin, ta bi hannu-hannu har ta faɗa garejin Alhaji Rabo mai kamiyoyi, ya lulluɓe ta da tamfol ya manta. A bana ne wani baƙo da ake kira Mushe Kojo ya zo daga Kwatano, ya ɗaga tamfol ɗin, ya dafe kai, ya ce wannan Alfin ce, kaɗan aka ƙera irinta, kuma maigidansa a Turai yana son ta ko nawa ne. Aka yi ciniki. Ranar nan bayan salla za a ɗora ta bisa doguwar mota a ƙetare gada da ita.

Da Cha'ibu ya isa, ƙofar gareji ta cika maƙil. Tamfol na ƙasa a naɗe, wurin da motar take fayau. Alhaji Rabo na tsaye ba hula, babbar rigarsa ta zame daga kafaɗa.

“Tsakar rana, Malam Cha'ibu! Tsakar rana tsaka! Mun tafi gaban Allah mun dawo, babu ta!”

“Mutanen ruwa ne,” in ji wani. “Ta riga ta ƙetare a jirgi.”

“Ina! 'Yan Kamba ne, yanzu haka suna can suna sake mata fenti.”

“Ku dubi baƙon nan dai. Wa ya san darajarta in ba shi ba?”

Mushe Kojo ya ji ana nuna shi, ya fara rantsuwa da Faransanci da guntuwar Hausa, gumi na zuba cikin kwalar rigarsa.

Cha'ibu bai dubi kowa ba. Cikin garejin siminti ne, ba abin karantawa. Ya fito ƙofa, inda Rabi mai shinkafa ke da rumfa, ita kaɗai ce ba ta gusa ba lokacin salla.

“Rabi, mi kika gani?”

“Ni, Baba? Kifi nike soyawa.”

“Mota ta wuce ta gabanki.”

“Wallahi mai yana ta tsalle, in na ɗaga kai sai ya ƙone. A zuba maka? Yau da yaji.”

Ya dube ta. Ita kuma ta dubi kaskonta da kyau, kamar ranar ta fara ganinsa.

Layin da ya bi bayan gareji an share shi tas, ko sawun kaza babu. Sai can wajen famfon unguwa, inda ruwa ke malala ƙasa ba ta bushewa, nan Cha'ibu ya durƙusa. Jama'a suka taru a bayansa.

Sawun ƙafafun 'yar motar na nan raɗau cikin laka, a tsakanin sawun matan da ke ɗiban ruwa. Biyu sun nutse sosai, biyu sama-sama, kuma masu nutson sun taka bisa marasa nutson. Cha'ibu ya san motoci. Gaban mota shi ke da nauyi, don can inji yake, shi ke fara wucewa, na baya su bi ta kansa. Nan kuwa nauyin ne ya zo a ƙarshe. Ke nan motar da baya ta tafi. A ƙarƙashin sawunta kuma ga na wata babbar mota mai tayar hagu da ta sha faci. Duk wannan a ransa ya lissafa shi, kamar yadda ya saba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

“Ta wutsiya aka ja ta. Wadda ta ja ta ga sawunta nan. Motar Yunus ce.”

Yunus shi ne mai motar ja guda ɗaya a garin, ƙato, dogo, wanda direbobi ke bar wa mota da kaya a daji su tafi su yi barci. Shi aka kira da safen nan ya sa wa Gardila iska ya kwance mata birki don a ji daɗin ɗora ta. Kamar an aike shi, sai ga motarsa ta shawo kwana tana rangaji, sarƙa na kaɗawa a baya.

“Ɓarawo!”

Kafin ya buɗe ƙofa an finciko shi. Wani ya fasa masa fitila da dutse, wani yana kiran a kawo fetur. Yunus na ihu yana cewa kiransa aka yi hanyar Bengu, wata mota ta mutu, da ya je ya tarar ta tashi ta tafi.

“Ji ƙarya! Wace mota? Ta wa?”

Allah ya sa Ajidan, babban jandarman garin, yana wurin. Ya kutsa da mutanensa ya raba, ya tura Yunus cikin motarsu, leɓensa a fashe.

“Wanda ya ƙara taɓa shi ko motarsa, tare za su kwana!” Ya juyo wajen Cha'ibu ya rage murya. “Malam, maganarka ta kawo shi hannuna. In motar nan ba ta fito ba, gobe sai gaban mai shari'a.”

Ta tagar motar Yunus ya leƙo. Bai zagi kowa ba.

“Baba Cha'ibu, kai ka raɗa mini suna a kunne ranar sunana. Ni?”

Cha'ibu ya dubi ƙasa.

*

Mota ko an ja ta, sai ta je wani wuri. A kan gada ba wanda ya gan ta, saboda haka Cha'ibu ya gangara bakin kogi, wajen Sani mai jirgi. Shi ne ke da jirgin da zai iya ɗaukar mota, kuma Gardila ta taɓa zama ta gidansu.

Ya tarar da jirgin a kife bisa tudu, cikinsa a buɗe, masassaƙa na cusa masa tsumma da kwalta. Sani na zaune a inuwa yana gyaran komar kamun kifi.

“Na san za ka zo,” in ji Sani yana dariya. “Diba jirgin da na yi satar da shi. Ko akuya ka ɗora masa, sai dai ku haɗu a ƙasan ruwa.”

Cha'ibu ya zauna. Bai yi tambaya ba. Ya daɗe da sanin in ka yi shiru kusa da mutum, shi zai cika wurin.

“Motar nan, tun ina yaro take raba gidanmu. Ka tuna mahaifinmu Baba Auta, ai? A garejinsa ta mutu, ranar tseren. Baturen da ke tuƙa ta na sauri, 'yan'uwansa na danna masa oda a wata mota. Ya jefa wa Baba makulli, ya ce, garde-la! Ya faɗa mota, shi ke nan, har yau. Daga nan sunan ya fito. Baba ba ya jin Faransanci, ya tambayi wani ma'aikacin duwan, ɗan kwastan, da ke tsaye, mi ya ce? Shi kuma ya ce, ya ce ka riƙe.”

Sani ya ajiye komar ya buɗe hannuwa.

“To, Cha'ibu, don Allah. In na miƙo maka goro na ce riƙe, naka ne ko ajiya ce?”

“Ya danganta da goron.”

“Yauwa! Ni na ce kyauta ce. Baba ya ce riƙon amana ne, mai ita zai dawo. Ya gyara ta, kowace Juma'a sai ya tada ta don kada ta mutu, bai taɓa zuwa ko kasuwa da ita ba. Da ya rasu na saida wa Yusufu mai hoto, na sayi injin jirgi. Ƙanwata Zara tun ran nan ba ta ƙara cin abinci a gidana ba. Har yau in mun haɗu, gaisuwa ce kawai, kamar suruka.”

“Yunus ya zo nan yau?”

“Yunus? Yaron da ya taɓa maido mini da buhun da ya faɗo daga mota tun daga Tanda? Ni dai ban gan shi ba. Amma tunda kai ka faɗa...” Sani ya ɗaga kafaɗa. “Kai ai ba ka kure, ba ka taɓa kuskure ba.”

*

Yusufu mai hoto yana da shago kusa da tasha, ya koma saida caja da gilashin salula. Bazabarme ne, Cha'ibu kuma Bagobiri, abokan wasa ke nan, don haka tun daga nesa ya fara tsokana.

“A'a, ga bawana ya zo gaida ubangijinsa! Fofo! An ce yau ka kama ɓarawo ko zufa ba ka yi ba.”

“Ba ni kujera, kai macin kopto, ba ka san komi ba sai kwaɗon ganye.”

Bangon shagon cike yake da tsofaffin hotuna da rana ta cinye, kuma kusan kowanne da Gardila a ciki: angwaye sun jingina da ita, 'yan lakkol da takardar cin jarrabawa, wani tsoho da ragonsa.

“Ita ta ciyar da ni,” in ji Yusufu. “Duk wanda ya yi aure a Gaya lokacin, a jikinta ya tsaya. Da salula ta zo kowa ya zama mai hoto, sai na ba Alhaji Rabo ita, shi kuma ya kai tsohuwata Makka. In da na san Turawa za su haukace a kanta!”

“Kai ka san masu sayen irinta ban da baƙon nan?”

“Ni? Da na sani da kai za ka gan ni nan ina saida igiyar caja?”

Cha'ibu na bin hotunan da ido. Ya lura da wani abu.

“Ba namiji ko ɗaya a ciki. Duk a waje suke.”

“Ina za su shiga? Baba Auta ya matso da kujerar gaba can, ta yi tsatsa a wurin, ba ta motsi. Sai amarya, ita ma 'yar firit. Wani ango mai ƙiba ya matsa sai ya shiga, da man gyaɗa muka zaro shi!” Yusufu ya tuntsire da dariya har da buga cinya. “Motar nan komi nata a juye yake. Ran da na saye ta na kira makanike ya duba inji. Ya ɗaga murfin gaba, ya ga wayam, ya ce Yusufu an cuce ka, an sace injin! Muka ɗunguma za mu kama Sani. Ashe a gindi yake.”

Cha'ibu ya juyo a hankali.

“Mi ke gindi?”

“Injin mana. A baya aka sa mata shi, kamar jelar kunama. Kai, Bagobiri, ina za ka? Ga shayi ya kusa!”

Cha'ibu ya riga ya fita. Mutanen tasha sun ce ranar suka fara ganinsa yana gudu.

*

Rana ta karkata lokacin da ya sake durƙusawa gaban famfo, yana haki. Sawun na nan. Nauyi ya zo a ƙarshe, gaskiya ne, amma don a baya nauyin yake. Motar da fuskarta ta tafi, kamar kowace mota. Sawun Yunus da ke ƙarƙashi kuwa na safe ne, lokacin da ya zo sa iska.

In ba a ja ta ba, tura ta aka yi. Ya dubi sawun matan nan da ɗazu ya tsallake da ido, don wa zai kula da ƙafar mace a bakin famfo? Mace mai tulu a kai tana taka ƙasa da tafin ƙafa duka, diddige ya zauna daram. Waɗannan kuwa, da ke bisa sawun motar, ba diddige ko ɗaya. Yatsu ne kawai suka tone laka, suka zame baya. Ƙafafu da yawa, manya da ƙanana, ɗaya har da zoben yatsa.

“La'ilaha illallahu,” in ji Cha'ibu, a fili.

Ya miƙe ya dubi layin da aka share. Tun yana yaro ya san sharar mata: kowace ta share ƙofar gidanta, ta tsaya daidai iyakar maƙwabciya, ta tara ɗan juji a nan, ko tsinke ba ta ƙara mata. Wannan sharar ba ta san iyaka ba. Ba juji ko ɗaya. Zanen tsintsiya ya miƙe santal, ya wuce ƙofa bayan ƙofa, bai nufi kwalta ba, ya karya kwana ya gangara unguwar masu bandar kifi.

Ya bi tsintsiya. Matan da ke zaune a ƙofofi suna ganinsa sai kowace ta tuna tana da aiki a cikin gida.

Sharar ta ƙare a bakin wata tsohuwar rumfar kwano ƙarƙashin mangwaro, inda har yanzu ake iya karanta GARAJ AUTA a bango, hayaƙin banda ya rufe rabinsa. Kafin ya yi sallama aka ɗaga zana. Hajiya Zara ce, ƙanwar Sani, shugabar mata masu banda, 'yar guntuwa, ba ta kai kafaɗarsa ba. Tana ɗaura kallabi, mayafi a hannu.

“Shigo, Malam Cha'ibu. Ka daɗe.”

A tsakiyar rumfar, tsakanin tanderun kifi, ga wani tudu an rufe da zannuwan atamfa. Fitila ɗaya ta leƙo ta ƙasa.

“Nan take tun farko,” in ji Zara. “Nan mai ita ya bar ta, nan zai neme ta. Da tana wajen Yusufu na yi shiru, tana gari. Wajen Rabo ma tana gari. Amma a ƙetare gada da ita? Na je na gaya masa ajiya ce, ya ce in je in ji da kifina. Da safe Rabi ta aiko mini cewa an sa mata iska. Na ce to, maza za su masallaci.”

“Ke kika riƙe kanta.”

“Wa zai shiga in ba ni ba? Don ni Baba ya matso da kujerar.” Idonta ya yi haske kamar na yarinya. “Ka ga yadda na sha kwanar famfo? Ko bango ban shafa ba!”

Sai fuskarta ta canza.

“Niyyata in yi shiru har doguwar motar ta gaji ta koma. Yanzun nan aka zo mini da labarin Yunus ɗan Ramatu. An ce har jini. Baba bai ce in riƙe amana da jinin ɗan mutane ba. Wa ya ce shi ne?”

Cha'ibu ya dafa ƙirjinsa.

“Ni.”

Ta dube shi sama da ƙasa.

“To je ka tara su a famfo. Kada a turo a ɗauke ni. Da ƙafata zan zo.”

*

Kafin magariba bakin famfo ya fi kasuwa cika. Ajidan ya kawo Yunus, leɓe a kumbure, yana tsaye tsakanin jandarma biyu. Ga Alhaji Rabo, ga Mushe Kojo da salula a kunne, ga Sani da aka kira daga bakin ruwa, ga Yusufu ya rufe shago ya biyo. Rabi ma ta zo da ludayinta, ta tsaya can baya.

Abin da ba a taɓa gani ba, Cha'ibu ya yi bayani. Ya nuna sawu mai nutso da marar nutso, ya faɗi yadda ya karanta su da rana.

“Amma injin a baya yake!” in ji Mushe Kojo.

“A baya yake,” in ji Yunus. “Ni da na duba shi da safe. Da an tambaye ni...”

“Ba a ja ta ba,” in ji Cha'ibu. “Tura ta aka yi. Ga ƙafafun masu turin.”

Alhaji Rabo ya sunkuya ya duba. “Wannan ai ƙafar mata ce. Malam Cha'ibu, wasa kake? Mata su saci mota?”

Guɗa ce ta amsa masa. Daga gangaren unguwar banda ta taso, ta cika layin, sai ga Gardila ta shawo kwana, shuɗiya, an wanke ta tana ƙyalli, mata sun dafa ta ta ko'ina, zannuwa a ɗaure tam, wasu na binta da tsintsiya a ɗage sama kamar tuta. Ta gilashin gaba ba abin da ake gani sai kallabi da ido biyu. Jama'a suka dare. Motar ta zo ta tsaya daidai gaban takalmin Alhaji Rabo, har ya ja da baya.

Cikin masu turin ya hango wata fuska.

“Sa'adatu! Har da ke?”

“Har da ni, Alhaji,” in ji matarsa. “Ni na buɗe ƙofar.”

Wurin ya ɓarke da dariya da salati. Zara ta fito, ta gyara mayafi, ta miƙa wa Ajidan hannuwanta biyu.

“Ni na ɗauka. Ku saki yaron mutane. In ɗauri ne ga ni, sai dai ku nemo babbar mota, don mu duka ne.”

“Motata ce!” in ji Alhaji Rabo. “Na saya hannun Yusufu!”

“Ni na saya hannun Sani!” in ji Yusufu.

“Ni na gada hannun Baba!” in ji Sani.

“Baba kuma ajiya aka ba shi,” in ji Zara. “Yaya Sani, tun yaushe ake gadon ajiya?”

Ajidan ya ɗaga hannu. “Tsaya. Mi Baturen ya ce daidai?”

“Garde-la,” in ji Sani da Zara tare, karon farko da bakinsu ya haɗu tun rasuwar ubansu.

“To ai kyauta ce,” in ji Mushe Kojo. “Garde-la, riƙe abinka!”

“A'a,” in ji ɗaya daga cikin jandarman. “Garde-la, tsare ta. Daga nan aka samo gadi.”

“Kai a wace lakkol ka yi?”

Nan fa duk wanda ya taɓa zama a aji ya shiga, rabi kyauta, rabi ajiya, har wani direba ya cire hula zai yi dambe a kan Faransanci. Ajidan ya sosa ƙeya, ya ce shi kam duka biyun ya sani.

Zara ta juya wajen baƙon. “Mushe, kai da ka zo daga nesa don ita. Mai ita yana raye?”

Mushe Kojo ya sauke salula daga kunne. Ya ce maigidansa ya bi lambar motar tun kafin ya turo shi. Baturen ya rasu. Amma ya bar ɗiya.

“To ga mai maganar nan,” in ji Zara. “A tambaye ta mi ubanta ya nufa. In ta ce kyauta ce, Rabo, ni da kaina zan tuƙa maka ita har kan gada. In ta ce ajiya ce, ta zo ta karɓi kayanta, ku daidaita da ita.”

Alhaji Rabo ya dubi motar, ya dubi matan, ya dubi Sa'adatu da ke tsaye hannu a ƙugu. Ya tuna a gida zai ci tuwon dare.

“A tambaye ta,” ya ce. “Ajidan, na janye ƙara. Amma motar a garejina za ta jira.”

“A na Baba,” in ji Zara.

“Hajiya!”

“Akwai inuwa, kuma ba a sata a unguwarmu.”

Aka sake kwashewa da dariya. Ajidan ya dafa kafaɗar Yunus ya ce ya tafi gida. Yunus bai yi dariya ba. Ya juya shi kaɗai ya nufi inda motarsa take da fasasshiyar fitila, mutanen da suka jefe shi ɗazu suna kauda kai.

“Kada ka damu, Malam,” in ji Ajidan ga Cha'ibu a hankali. “Motar ce a juye. Ƙasa ta ruɗe ka.”

Wasu na kusa suka gyaɗa kai. Hanya ce aka buɗe masa, kuma kowa zai yarda ya bi ta.

“Ƙasa ba ta kira sunan kowa ba,” in ji Cha'ibu.

Ya ɗaga murya, muryar da mafi yawansu ba su san yana da ita ba.

“Yunus! Tsaya!”

Yunus ya tsaya bai juyo ba. Guɗa ta mutu. Cha'ibu ya ratsa jama'a, ya taka cikin lakar famfo, bisa sawun da ya wuni yana karewa, ya zagaya ya tsaya gabansa. Ya cire hularsa. Dole ya ɗaga kai kafin ya ga idon yaron.

“Inda na faɗa, nan zan janye, kowa ya ji. Yunus ba ɓarawo ba ne. Na ga abin da ban sani ba, ban tambaya ba, na kira sunanka. Jinin bakinka ni na zubar da shi.”

Ya riƙe hular a ƙirjinsa.

“Na yi kure, ɗana. Don Allah ka gafarce ni.”